Fitilar hazo

Ni direba ne, mazaunin Maraɗi. Motata ƙaramar a-kori-kura ce, irin wadda muke ce ma bashe. Da ita nike ci da iyalina. Ina ɗaukar hatsi da wake da ƴan kasuwa, in bi babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram. Yawancin aikina tsakanin Maraɗi da Tasawa ne, kuma da asuba nike tashi, don in riski kasuwa tun ba ta cika ba.

Duk direban ƙasarmu ya san lokacin ɗari. Daga watan Nuwamba har wajen Maris iska tana busowa daga arewa maso gabas, tana ɗauke da ƙura mai laushi kamar gari. Da yawa daga ƙurar nan tana tasowa ne daga Bodele, cikin arewacin Cadi, inda tsohon tabki ya ƙafe. Ita ce ke zama hazo. Ranar da hazo ya sauka sosai, da tsakar rana ma sai ka kalli rana ba ta kashe maka ido ba. Balle da dare.

Cikin shekara ta 2019 na ga abokan aikina suna ɗaura ma motocinsu wata doguwar fitila bisa kai, irin ta zamani da ake ce ma LED. Farin haskenta kamar walƙiya. Na ce ni ma sai na yi. Na cire jika goma sha biyar daga kuɗin cefane na sayo ta. Wani yaro ya ɗaura mini ita bisa rufin mota, ya jawo waya ya haɗa. Da dare na kunna ta ƙofar gida, yaran unguwa suka taru suna sowa. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce daga yau hazo ya bar ba ni tsoro.

Cikin watan Janairu na 2020, wata asuba, na tashi da lodi da mutum shida a baya. Hazo ya sauka tun daren jiya. Da muka kusa Gazawa abin ya yi tsanani, sai na kunna sabuwar fitilata. Nan take gabana ya koma fari fat, kamar an shanya zane bisa gilas. Maimakon in rage gudu, sai na ce a raina ai ina da wuta, na ci gaba.

Yaron motata ne ya yi kururuwa: "Maigida, amalanke!" Na taka birki da ƙarfina duka, na karya kan mota. Muka sauka kwalta, tayoyi suka nutse cikin rairayi. Amalanken shanu ne, ya ɗauko kara, ba fitila ba komi. Bisa karan akwai yara biyu lulluɓe da bargo guda. Tsakanin hancin motata da amalanken bai kai taki uku ba. Mai shanun, wani dattijo, bai zage ni ba. Ya dube ni kawai ya ce: "Malam, wutarka ta kashe ma shanu ido, kai ma ta kashe maka." Na zauna gefen hanya, ƙafafuna suna rawa. Ƙaramin yaron tsaran ɗana ne.

Da na komo Maraɗi na tafi wajen wani tsohon makaniki mai aikin wutar mota. Ya dubi fitilar, ya yi dariya. Ya ce: "Ɗana, wa ya ce maka hazo yawan wuta shike so?" Sai ya ɗebi toka ya watsa sama, ya haska ta da tocila daidai idona. Ban ga komi ba sai toka. Ya sauke tocilar wajen gwiwarsa, ya haska ƙasa. Sai ga ƙasa ta fito sarai.

Ya bayyana mini dalili. Kowace ƙwayar ƙura tana maido da haske baya. In fitila tana sama, kusa da idon direba, hasken da ya komo cikin idonsa zai faɗa. Shi ya sa doguwar wuta ba ta da amfani cikin hazo. Fitilar hazo ta gaskiya ƙasa ake sa ta, ƙarƙashin manyan fitilu. Haskenta mai faɗi ne, a kwance, ba ya tashi sama. Aikinta ta nuna maka kwalta da bakin hanya dama da hagu.

Na ce: "Baba, to mi ya sa ta zama ruwan ɗorawa?" Ya ce farin haske mai shuɗi-shuɗi ya fi gajiyar da ido. Ya tuna mini tsofaffin Peugeot 404 da ake kawowa daga Faransa, masu fitilu ruwan ɗorawa. Doka ce can ƙasarsu, daga 1936 har 1993. Amma ya ce: "Kar launi shi ruɗe ka. Wurin da ka sa ta da inda ta dosa, su ne aikin."

Ya cire ta saman, ya ɗaura mini ƙanana biyu ga ƙarfen gaban mota. Ya sa ni yin lissafi da kaina. Kowane ƙwai wat 55 ne, batir kuwa bolt 12. In ka raba 55 da 12, ka samu amfiya 4 da rabi da ƴan kai. Ƙwai biyu ke nan sun haura amfiya 9. Siririyar waya ba ta ɗaukar wannan, sai ta yi zafi. Ya nuna mini wayar da yaron nan ya sa mini, robarta har ta fara narkewa. Ya sa waya mai kauri, da fizibil na amfiya 15 kusa da batir, da rele, wato ɗan akwatin da ke jawo wuta daga batir kai tsaye don kada makunni ya ƙone.

Da magariba muka tsai da mota gaban bango, a wuri mai daidai. Ya auna tsawon fitilun daga ƙasa, ya ja layi ga bango da gawayi. Ya yi ta juya su har bakin hasken na sama ya sauka ƙarƙashin layin. Ya ce in na yi lodi mai nauyi in sake dubawa, don bayan bashe in ya zauna, hancinta sama shike dubawa.

Magana ta ƙarshe da ya faɗa mini ita ce ta fi zauna mini. Fitilar hazo ba ta kai gani nesa. Mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 cikin daƙiƙa guda. Mai gudun 30 kuwa mita 8 da ƴan kai. In abin da kake gani bai wuce mita 20 ba, ka yi lissafin da kanka.

Yanzu in hazo ya sauka, gajeriyar wuta nike sa, in kunna ƙananan nan biyu, in tafi sannu. In sarari ya buɗe in kashe su, kada in dami mai zuwa. In abin ya yi yawa, in sauka hanya can nesa da kwalta, mu jira gari ya waye. Ƴan kasuwa suna gunaguni, wani lokaci in rasa lodin komowa. Ina jin zafin asarar, amma ina tuna yaran nan biyu cikin bargo.

Ƴan'uwa direbobi, kafin ɗari ya shigo ku kai motocinku gaban bango. Ku kuma masu amalanke, ku ɗaura wani abu mai ƙyalli a baya, ko ku riƙe tocila. Hanyar tamu ce duka. Allah shi kai kowa gida lafiya.