Shekarar da Lou Bega ya shigo Tchaké

Duk ɗan Nijar da ya yi wayo a 1999 ba zai manta da shekarar ba. A watan Afrilu aka kashe Shugaba Ibrahim Bare Mainasara a filin jirgin saman Yamai. A watan Yuni labari ya zo daga Kano cewa Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa. Kafin shekara ta fita kuma aka zaɓi Tanja Mamadu. Dattawa suna bin waɗannan labarai a BBC da Muryar Jamus, rediyo manne da kunne. Mu kuwa samarin Tchaké na wancan lokaci, wani kiɗa ne daga Jamus ɗin ya tafi da hankalinmu, wato waƙar "Mambo No. 5" ta Lou Bega.

Ba a kan lokaci ta iso mana ba. Sai da 'yan cin rani suka fara dawowa daga Kano da Legas gab da faɗuwar damina, kowa da rediyonsa mai cin kaset rataye a kafaɗa, sannan muka ji ta. Ba mu san abin da yake faɗi ba, illa mun gane sunayen mata yake jerawa. Nan da nan samari suka cire na Turawa suka zuba na 'yan matan gari, ana rerawa a bakin rijiya da hanyar gona, wata ta ji sunanta ta rufe fuska da mayafi ta ƙara sauri.

Ganin hotonsa ya zo daga baya. Garin ba wutar lantarki, sai mai gidan bidiyo da ɗan injin wutarsa. Ran kasuwa, bayan sallar isha'i, zai tayar da injin a bayan zana, ya ɗora talabijin bisa tebur, ya tsaya bakin ƙofa yana karɓar dala biyar biyar. Kafin a sa fim ɗin Indiya ko na 'yan karate, yakan saka kaset ɗin waƙoƙi don jama'a su taru. A nan muka ga mutumin: farin kwat mai zane, hula malafa a karkace, siririn gashin baki, mata na rawa kewaye da shi, ana gilma tsofaffin hotuna marasa launi na masu busa ƙaho. Da ƙahon nan ya tashi, yaran da ba su da kuɗin shiga sai su hau rawa a waje, ƙura na tashi. Manya ba su so shigar matan ba, suka yi magana, mai bidiyo ya koma saka ta sai dare ya yi nisa. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne fatarsa irin tamu ce, amma ana cewa Bajamushe ne.

Wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, da aka turo daga Mayahi ne ya warware mana. Sunansa na yanka David Lubega, an haife shi a birnin Munich a 1975, mahaifinsa ɗan Yuganda, mahaifiyarsa 'yar Italiya. Waƙar ta fito a watan Afrilun 1999, ta hau matsayi na ɗaya a Jamus da Ingila da Ostareliya, ta kai na uku a Amurka. A Faransa mako 20 ta yi a sama ba wadda ta ture ta, shi ya sa gidajen rediyon Faransanci da muke kamawa ba su gajiya da saka ta.

Sai da na girma na san wani abu da ya fi wannan nauyi. Kiɗan da ya girgiza duniya ba sabo ba ne. Wani makaɗi ɗan Kuba, Pérez Prado, shi ya yi shi tun 1949. Bayan shekara 50 wani matashi ya tono shi, ya ɗora masa baiti, ya ƙara masa ganga ta zamani, aka kuma rubuta sunan Prado a jikin faifan tare da nasa. Hakan ya yiwu ne domin an adana tsohon faifan, bai ɓace ba.

A gidajenmu fa? Shekarar da muke tsalle da kiɗan kakannin wasu, a ita Shata ya kwanta dama. Kaset ɗinsa, da na Ɗan Anace, da na Ɗan Gurmu na Tawa, suna cikin kwali ƙarƙashin gadon iyayenmu, zafi da gara suna cin su. Makaɗan gari da ke raka manoma gayya da kalangu da gangi, da mata masu waƙar daka, yawancinsu ko ɗaukar muryarsu ba a yi ba. Ba a daɗe ba finafinan Kano irin su Sangaya da Wasila suka mamaye gidan bidiyo, Lou Bega ya wuce kamar ɗan kolin da kasuwarsa ta watse. Yau gidan bidiyon ma babu shi, kowa ya sunkuya a kan wayarsa.

Ina kewar daren nan da gari guda ke kallon talabijin ɗaya, ana dariya tare, ana gardama tare har gida. Wannan ba zai dawo ba, amma akwai abin da ke hannunmu. Wayar da ta raba mu tana iya ɗaukar murya. Matasan Tchaké da Mayahi da Tasawa, ku je wurin tsoffin makaɗanku tun suna da rai, ku gaishe su, ku nemi izininsu ku ɗauki kiɗansu. Wanda ke da tsohon kaset a gida ya kai a juye masa a waya. Mawaƙin da ya ɗauki karin wani dattijo ya sabunta shi kuma, ya ambaci sunan mai shi, ya ba iyalinsa haƙƙinsu.