Katin da Ya Rage a Aljihun Tebur

A shekarar 2013 ne muka fara aikin sa-kai a wani ƙaramin asibiti a Abuja, inda ake gwajin ƙwayar cutar ƙanjamau, ake kuma ba da maganin rage kaifinta kyauta. Akasarin masu zuwa wurin maza ne masu neman maza 'yan'uwansu. Ba za mu ɓoye ba, mun shiga aikin ne da irin ƙyamar da muka taso da ita, har akwai wani daga cikinmu da yakan saci jiki ya wanke hannu bayan kowace gaisuwa.

Wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne wani tela da ke zuwa daga Mararaba, magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya uku. Ba ya isowa sai yamma ta yi liƙis. Da zarar an miƙa masa maganinsa, sai ya juye ƙwayoyin cikin robar maganin ƙarin jini, ya bar mana tamu robar a kan tebur. Wata rana ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Malam, ita fa uwar yaran nan?" Muka ba shi amsar da aka koya mana: kwaroron roba, kuma ya kawo ta a gwada ta. Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo, ya ce da wane baki mutum zai fito wa matarsa ta shekara goma da kwaroron roba ba tare da ta tambayi dalili ba?

A watan Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya hannu a kan dokar haramta auren jinsi, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren, da shekara 10 ga masu kafa musu ƙungiya ko mara musu baya. A watan Fabrairu kuma wasu gungun matasa suka bi gida-gida da dare a unguwar Gishiri, suka fito da waɗanda suke zargi, suka lakaɗa musu duka. Daga nan bencin jiranmu ya fara zama wayam. Binciken da aka gudanar a nan Abuja, aka wallafa a 2015, ya nuna cewa masu tsoron zuwa asibiti a cikin irin waɗannan maza sun ƙaru daga kashi 25 cikin ɗari zuwa 38 bayan dokar. Mu kam ba mu buƙaci bincike ba, domin katunan da ba a dawo an ɗauka ba a hannunmu suke.

Ba mu ɗauki alƙalami don mu yi fatawa ba. Wannan fage yana da malamansa. Abin da muka sani shi ne, ƙwayar cuta ba ta karanta doka. Mai shan magani kullum ba fashi, ƙwayar takan ragu a jininsa har awo ya kasa ganinta, kuma a wannan hali ba ya sa wa kowa ita ta hanyar saduwa. Wani babban bincike da aka yi a Turai a kan irin waɗannan maza, aka wallafa a 2019, ya tabbatar da haka. Amma wanda tsoro ya raba da maganinsa, cikin 'yan makonni ƙwayar za ta sake yawaita, ya koma gida da ita, ga abokin harkarsa, ga kuma baiwar Allah da ba ta ci nanin ba, nanin ta ci ta. An kore shi daga asibiti don a tsare al'umma, sai ga shi an gudu ba a tsira ba.

Telan bai sake dawowa ba. Mun buga lambarsa sau uku, a na huɗu aka ce a kashe take. Har muka bar aikin, katinsa yana nan a aljihun tebur, kuma a bayansa da rubutun ɗayanmu da fensir: a tuna masa ya kawo matarsa.