Daga Yamai Zuwa Damagaram Da Kifi A Cikin Mota

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ya san tsakanin Yamai da Damagaram akwai kimanin kilomita 890, ya kuma san irin kayan da ake ɗauka a kanta: buhunan albasa, raguna a bisa mota idan Layya ta gabato, katifu da kwanonin amarya. Abin da ba kasafai ake gani ba shi ne matafiyin da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, wanda ba ya rayuwa sai cikin ruwa, a keta da shi ƙasar da ruwa ke da tsada. A watan Disamba na 2022, da aka sauya mana wurin aiki, mun yi wannan tafiya da irinsa, kuma muna ganin labarin zai amfani iyayen da ƴaƴansu ke kiwon wani abu mai rai.

Kifin na ɗiyarmu ne mai shekara 9. Sunan irinsa betta, masu sayar da shi kuma da Faransanci suke kiransa combattant, wato mayaƙi, domin maza biyu ba su zama a mazubi ɗaya sai sun yayyage juna. Asalinsa ƙasar Tailan ne da maƙwabtanta, inda yake rayuwa a gonakin shinkafa da kududdufai marasa zurfi, kuma a 2019 ƙasar ta ayyana shi dabbar ruwa ta ƙasa. Allah ya yi masa wata gaɓa a cikin kansa wadda yake shaƙar iska da ita kai tsaye daga saman ruwa. Wanda ya san gaiwa da tarwaɗa ba zai yi mamakin haka ba. Wannan baiwa ita ta sa ake iya tafiya da shi cikin ɗan ruwa kaɗan, ita kuma ta sa wanda ya cika mazubi fal ya toshe bakinsa zai iya kashe kifi a cikin ruwa.

Kafin tashi sai da maganar ta kai gaban mahaifinmu, wanda limami ne, domin wasu daga dangi sun ce a juye shi a kogin Kwara a huta. Bai yarda ba. Ya tunatar da mu abin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba, da kuma ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsun wasa, Manzon Allah (SAW) bai hana shi ba, har ya lallashe shi da tsuntsun ya mutu. Ya ce tsarewa halal ce muddin an ɗauki nauyinta, amma sakin kifin da aka haifa a cikin gilashi a kogin da bai sani ba, yasarwa ce aka yi wa sunan ƴantawa. Daga nan ya dubi jikarsa ya ce: "Amarya, ke kika ɗauko shi, ke za ki kai shi."

Shirin ba shi da wuya. Mun daina ba shi abinci kwana ɗaya kafin tafiya, saboda kashinsa shi ke gurɓata ɗan ruwan da yake ciki, kuma kifi mai lafiya ba ya cutuwa da yunwar kwana biyu. Mun sa shi a cikin gwangwanin roba mai murfi, ruwa rabi iska rabi, da ƴan hudoji a murfin, muka kafa gwangwanin a cikin akwatin ajiyar ƙanƙara, babu ƙanƙarar, muka cusa tsummoki kewaye. Duhu yana kwantar masa da hankali. Sauran ruwan da ya saba da shi muka ɗura a bido biyu.

Mun bar Yamai bayan sallar Asuba, hunturu na kaɗawa. A nan ne babbar damuwa take. Wannan kifi yana son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28, alhali a Disamba sanyin asuba yana sauka ƙasa da haka nesa, da rana kuma motar da aka rufe a hantsi takan koma tanderu. Ruwan da bai kai lita ɗaya ba yana bin iskar da ke kewaye da shi cikin ƙanƙanen lokaci, kuma saurin sauyin ya fi sanyin kansa illa. Saboda haka akwatin ya zauna a ƙasa bayan kujerar direba, inda rana ba ta kaiwa, yarinyar kuma ta dafe shi da ƙafafunta.

Mun wuce Kure, inda raƙuman dawa suke, ba mu ga ko ɗaya ba. Dosso da Dogondutsi ma wucewa muka yi. Amma mun lura da wani abu a kanmu: hanyar da muka sha bi muna ƙorafin nisanta, ranar nan ramukanta muke ƙirgawa. Kowane tudun rage gudu a bakin ƙauye sai an taka birki tun daga nesa, domin ana jin ruwa na tambal-tambal a baya. Direban da ya ɗauko tsohuwa mai ciwon baya ya san irin wannan tuƙi.

A Birnin Ƙonni muka tsaya, muka haɗa Azahar da La'asar muka yi ƙasaru, kamar yadda aka sauƙaƙa wa matafiyi. Akwatin bai zauna a mota ba, ya bi mu inuwar masallaci. A Galmi, garin albasa, wani dattijo mai sayarwa ya ga yadda ake riritar akwatin ya tambaya ko allurar asibiti ce. Da aka ɗaga murfin ya leƙa, sai ya daɗe yana kallon jelar nan mai kama da shuɗin turkuɗi, sannan ya ce: "Malam, wannan ko romo ba zai yi ba, amma tsarki ya tabbata ga wanda ya rina shi." Ya ƙara mana albasa uku gyara.

Mun kwana Maraɗi. Da dare muka shigar da akwatin ɗaki, muka lulluɓe shi da bargo, muka ajiye kwalbar ruwan ɗumi a gefe ba tare da ta taɓa gwangwanin ba. Da safe launinsa ya kwashe, ya lafe a ƙasa, yarinyar ta fara hawaye. Haka suke yi idan sun wahala. Muka zubar da rabin ruwan, muka maye da na bido, kaɗan-kaɗan.

Daga Maraɗi zuwa Tasawa har Takeita tafiyar ta yi sauƙi, kafin Azahar duwatsun Damagaram sun bayyana. Garin da ya riƙe babban birnin ƙasa har 1926 sananne ne da ƙarancin ruwa, kuma ruwan da ake samu ba ɗaya yake da na Yamai ba. Nan bidon nan biyu suka yi ranarsu. Ruwan famfo sai da ya kwana a buɗaɗɗen bokiti domin sinadarin kulorin ya fita, sannan muka riƙa gauraya shi da tsohon ruwa a hankali har tsawon mako guda. Abinci kuwa sai washegari, ƙwaya biyu kacal.

A rana ta huɗu yarinyar ta kira mu da sassafe. A kusurwar gilashin, a saman ruwa, akwai tarin ƴan kumfa manne da juna, irin sheƙar da namijin wannan kifi yake ginawa da bakinsa domin ƙwai. Ta roƙi a kira kakanta a waya ta faɗa masa da kanta, aka kira shi.