Tsinkewar Fanbel a Hanyar Azare

Da hantsi muka bar Kano cikin watan Afrilu, zafin bazara na dukan kwalta, but cike da buhuna. Muka haye gadar Wudil lafiya. Muna gab da Shuwarin sai direba ya ɗage ƙafa daga totur, ya gangara gefen titi ya kashe mota. Fitilar batir ta kawo ja, allurar zafi kuma tana ta hawa.

"Fanbel ne," in ji shi, tun bai ɗaga murfin inji ba.

Wani dattijo daga baya ya ce, "Malam direba, zuba mata ruwa mana mu wuce."

"Baba, in na buɗe lagireton nan yanzu, tafasasshen ruwa zai wanke mini fuska. Sai ta huce."

Muna jira a inuwar darbejiya ya warware mini zancen. Inji da wuta yake aiki: fistin ya shaƙi fetur da iska, ya matse su, filogi ya kyasta, hayaƙi ya fice ta salansa. Zafin da wannan ƙonewa ke haifarwa ruwa ne yake kwashe shi, ya kai lagireto iska ta fifita. To famfon da ke zagayawa da ruwan da kuma cajar da ke cika batir, a motar nan bel ɗaya ke juya su. Shi ya sa da ya tsinke, fitila da allura suka nuna alama tare. Da direba ya yi taurin kai ya ci gaba, gaskit zai ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai, gyaran ƙaramin kuɗi ya koma sauke inji.

Daga ƙarƙashin kujera ya zaro sabon bel da ya saya a Ƙofar Ruwa. Ya sassauta noti da sifana, ya ɗora, ya ɗaure, ya danna shi da babban yatsa don ya ji tsauri. Bai tsaya nan ba, sai da ya zaro ma'aunin baƙin mai ya goge ya sake tsomawa, ya leƙa man birki, ya zagaya tayoyi. Irin wannan direban nake girmamawa, domin da yawa a hanyar nan sitiyari da ham kaɗai suka sani, alhali rayukan mutane suka ɗauko.

Bayan la'asar muka shiga Azare. A bakin tasha ga mai faci, ga mai walda, ga bakanike, kowa da ɓangaren da yake ci a jikin mota. Direbanmu ya sauke mu, ya wuce wurin mai wayarin a gwada masa caja kafin ya juya Kano.