Farautar Hasken Tarantula a Tsaunukan Namibiya

Daga Windhoek muka kama hanyar burji zuwa tsaunukan Khomas, ƙura na bin mota, har dutsen Gamsberg mai shimfiɗaɗɗen kai ya bayyana gabanmu da la'asar. A nan ne wasu gonaki ke saukar da baƙi masu son taurari, domin sama ba ta da hayaƙi, ƙasa ba ta da fitilu.

Waɗanda na tarar ba malaman jami'a ba ne. Akwai wani dattijo Bajamushe da ya yi ritaya daga aikin lantarki, akwai wata malamar asibiti. Kowa da kuɗin aljihunsa ya sayi madubin hangen nesa da kyamara. Abin da ya tara su shi ne Babban Gajimaren Magellan, wani gungun taurari maƙwabcin namu, wanda haskensa ke shekara kusan 160,000 kafin ya iso mu. Daga Kano da ƙyar yake leƙowa a ƙasan kudu, kuma lokacin nan hazon hunturu ya rufe shi.

Watan Satumba ne, don haka sai tsakar dare ta wuce gajimaren ya ɗaga sosai. Sanyi na ratsa ƙashi. Ba a kunna farar tocila, sai ja, kada ido ya rasa sabonsa da duhu. Dattijon ya durƙusa yana daidaita ƙafar na'urar, wadda ke juyawa a hankali tana bin tafiyar sama.

Ya saita ta kan Tarantula, gajimaren iskar gas da ke cikin Babban Gajimaren Magellan, inda ake haihuwar sabbin taurari. Da ido, farin tabo kawai na gani. Ya ce, "Dakata, ɗana." Ya sa matatar da ke barin jan hasken haidirojin kaɗai ya wuce, ya buɗe kyamara minti 5. Sai ga zaruruwa sun miƙe a allon kwamfuta. Zafafan taurarin tsakiya, waɗanda ake kira R136, su ke dukan gas ɗin da haskensu har ya yi ja. Iskar oksijin kuwa takan ba da kore mai shuɗi-shuɗi. A gefen wannan gajimare ne aka ga fashewar wani tauraro a Fabrairun 1987.

Hoto ɗaya ba ya isa. Ana ɗaukar gommai, a jera su bisa juna, kamar mai tara ruwan sama a randa, har dishi-dishin ya gushe.

Da asuba ta gabato, malamar ta tura wa 'ya'yanta nata hoton ta waya. Na bar Khomas da yaƙinin cewa wannan ilimi ba na manyan cibiyoyi kaɗai ba ne. Duhu mai kyau muna da shi a karkararmu. Matashin da ke da kyamara da haƙuri zai iya farawa da Zara da Kaza da 'Ya'yanta tun wannan rani.