Ɗumin Tekun Pasifik da Geron Baffana

A watan Mayun 2015, ban daɗe da kammala karatun aikin jarida ba, na kira Baffana a waya na shaida masa cewa bana za a yi fari. Ƙanen mahaifina ne, yana zaune a wani ƙauye tsakanin Gumel da Sule Tankarkar, kuma shi ke riƙe da gonar gandunmu tun bayan rasuwar mahaifinmu. Na karanta a intanet cewa masana yanayi sun tabbatar da shigowar wani abu mai suna El Nino, wanda yakan raunana damina a yankin Sahel. Na ce masa kada ya zuba kuɗinsa a taki, ya kuma rage shanun huɗa tun suna da daraja. Ya yi jim, sannan ya ce, "To ɗana, ku ne kuka yi karatu." Ranar Alhamis ya kora sa ɗaya cikin biyun da yake da su zuwa kasuwar Maigatari.

Ruwa kuwa ya makara. Binnen da aka yi ya daɗe a ƙasa bai tsiro ba, har na fara jin kaina a matsayin wanda ya ceci gida. Sai ga shi daga ƙarshen Yuli sama ta buɗe, aka yi marka a Agusta, ruwa bai ɗauke ba sai da gero ya nuna. Maƙwabtan da suka sa taki suka cika rumbu. Baffa ya yi huɗa da san aro, bayan masu shi sun gama tasu, ya tashi da abin da bai kai gidan ga wata kaka ba. Har yau bai taɓa yi mini gori ba, wannan kawaici nasa ne ma ya sa na koma na karanta abin da na yi wa karatun shan ruwan tsuntsaye.

Abin da ke faruwa a tekun

Pasifik ne teku mafi girma a duniya. A shekarun da al'amura ke tafiya daidai, iska na kaɗawa a kansa daga gabas zuwa yamma, tana tura ruwan sama-sama da rana ta ɗumama zuwa wajen Indunisiya da Ostareliya. Can ɗumin yake taruwa, can gajimare ke haɗuwa, can ake samun ruwan sama mai yawa. A ɗaya gefen kuma, gaɓar ƙasar Peru, ruwa mai sanyi ke tasowa daga ƙasan teku ya cike gurbin, ɗauke da abincin da ƙananan kifaye ke rayuwa a kai.

Duk bayan shekara 2 zuwa 7 sai wannan iska ta yi sanyin jiki. Ɗumin da ta tara a yamma ya kwararo gabas, gajimaren ya biyo shi, kifi ya ɓace daga gaɓar Peru. Masuntan ƙasar ne suka raɗa masa El Nino, wato "yaron" da harshen Sifaniyanci, domin yakan bayyana musu dab da Kirsimeti. Idan kuma iskar ta yi ƙarfi fiye da kima, gabashin tekun ya yi sanyi sosai, sai a ce La Nina, "yarinyar". Hukumar NOAA ta Amurka kan ayyana ɗayansu idan zafin wani yanki na tsakiyar tekun ya ƙaru ko ya ragu da rabin digiri na tsawon watanni.

Rabin digiri kamar ba komai ba ne, amma faɗin ruwan da ake magana a kai ya isa ya sauya inda zafi ke tashi sama a duk faɗin duniya. Yunwa ce ma ta fara sa a bincika lamarin. Bayan farin da ya halaka ɗimbin jama'a a Indiya a 1899, wani Bature ɗan Ingila, Gilbert Walker, ya karɓi shugabancin ofishin yanayi na ƙasar a 1904, ya shafe shekaru yana kwatanta alƙaluman nauyin iska daga tashoshi daban-daban, har ya gano cewa idan ya hau a wannan gefen Pasifik sai ya sauka a wancan. Sai a 1969 Jacob Bjerknes ya nuna cewa wannan lilon iska da ɗumin da masuntan Peru suka sani abu ɗaya ne.

El Nino kan kawo fari a Ostareliya da Indunisiya da Indiya da kudancin Afirka, ya kawo ambaliya a Peru da Kenya da Somaliya. La Nina kan juya lamarin. A 2024 Zambiya da Malawi da Zimbabuwe duk sun ayyana dokar ta-ɓaci saboda farin El Nino, alhali La Nina ta 2020 zuwa 2023 ce ta yi tarayya wajen hana Somaliya damina biyar a jere.

Yadda yake isowa gare mu

Tsakanin Gumel da gaɓar Peru akwai kimanin kilomita 10,000, kuma ko ɗigo ɗaya na ruwan daminarmu ba daga can yake zuwa ba. Namu daga tekun Atlantika yake, iskar kudu maso yamma ke ɗauko shi ta ratsa Legas da Abuja da Kano kafin ta iso mu. Mu ne kusan ƙarshen layi. Daminarmu wata uku ce zuwa huɗu, ƙasarmu jigawa ce mai rairayi da ba ta riƙe danshi, kuma babu wani babban kogi a masarautar Gumel da za a jingina da shi irin na Haɗejiya. Kwana goma sha biyar ba ruwa lokacin da gero ke fitar da kai ya isa ya karya shekara.

Abin da El Nino ke yi shi ne ɗumama saman sararin samaniya a duk yankunan zafi na duniya. Hadari na haɗuwa ne idan iska mai ɗumi da danshi ta tashi daga ƙasa ta tarar da sanyi a sama. Idan saman ya riga ya yi ɗumi, tashin ya yi mata wuya. Shi ya sa ake ganin hadari ya haɗu ya yi baƙi ƙirin, mata sun kwashe shanya, sannan iska ta watsa shi.

Dattawanmu suna da sunayen shekarun. Akwai Kakalaba ta 1914 da suka ji a bakin iyayensu. Akwai farin 1972 zuwa 1973, wanda ya zo daidai da El Nino mai ƙarfi. Akwai na 1983 zuwa 1984, bayan wani mai ƙarfin na 1982. Haka kuma La Nina na nan a 2010 da 2022, shekarun da ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a Jigawa. Ta 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin Najeriya.

A shekarun 1970 ra'ayin da ya fi karɓuwa shi ne talakan Sahel ne ya jawo wa kansa fari ta hanyar sare itatuwa da yawan kiwo. Binciken da Alessandra Giannini da abokan aikinta suka wallafa a 2003 ya nuna cewa sauyin zafin tekunan duniya kaɗai ya isa ya bayyana mafi yawan farin nan. Sare itace na ɓata ƙasa, babu musu, amma gatarin Baffa bai kori hadari ba.

Inda na yi kuskure

Pasifik ba shi kaɗai ke da ta-cewa a daminarmu ba. Idan ruwan gaɓar Gini ya yi ɗumi, ruwan sama kan maƙale a kudu. Idan arewacin Atlantika da Bahar Rum suka fi ɗumi, sukan jawo shi arewa zuwa wajenmu. Tekun Indiya ma na da nasa tasirin. A 2015 El Nino na cikin mafiya ƙarfi da aka taɓa aunawa, ya jefa Habasha cikin mummunan fari, amma a yawancin Sahel ɗinmu damina ta makara ne kawai sannan ta yi kyau. Masana sun ce haɗarin fari ya ƙaru, ni kuma na isar wa Baffa cewa fari ya tabbata. Tazarar da ke tsakanin maganganun nan biyu ita ta ci sansa.

Akwai kuma abin da babu ruwansa da teku. A ƙasar Maraɗi da Damagaram ana kiran yunwar 1984 "El Buhari", domin a shekarar ne gwamnatin soja ta Najeriya ta rufe kan iyaka, hatsi ya daina ƙetarawa. Tarihi ya so ya maimaita kansa a 2023. A watan Yuni NOAA ta ayyana El Nino, kwanaki kaɗan bayan cire tallafin man fetur. A watan Yuli Indiya ta hana fitar da wani nau'in farar shinkafa, aka kuma yi juyin mulki a Yamai, aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. Duk wanda ya je awo Maigatari ko Gagarawa a bazarar nan ya san yadda kwanon gero ya koma. Ƙarancin ruwa kan rage amfanin gona, amma kasuwa da manufofin hukuma ne ke yanke ko ragin zai zama yunwa.

Kiran waya na biyu

Da na kira Baffa a 2023, sai na gaya masa abin da na sani daidai yadda yake: an ce wannan shekara na cikin waɗanda ruwa kan yi gardama, amma ba tabbas. Ya ce ai shamuwa ta iso a kan kari, gawo ma ya fara zubar da ganye. Na ce duka biyun a riƙe. Shi da kansa ya tsara abin yi. Ya raba gonar, ɓangare ya sa gero mai saurin nuna irin SOSAT, ɓangare ya bar irinmu na gado, ya yawaita wake da riɗi a tsakani, ya raba takin biyu maimakon zuba shi lokaci guda, ya kuma ƙi sayar da ragowar damman bara duk da farashi na kiransa. Ruwa ya yi mana tsaiko a tsakiyar damina, mai saurin nunan ya tsira, na gadon ya sha wuya. Ba a yi arziki ba, amma ba a sayi hatsi ba sai dab da sabuwar kaka.

Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ƙiyasin ranar faɗuwar ruwa da ranar ɗaukewarsa, kuma halin da Pasifik ke ciki na daga abin da take dubawa. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, na yin irin wannan aiki ga ƙasashen Sahel. Ilimin yana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai kai shi zauren mai unguwa da Hausar da manomi zai auna da hankalinsa, haɗe da faɗin iyakar abin da aka sani. Wannan aikinmu ne 'yan jarida da malaman gona, kuma na ɗanɗana abin da yi masa riƙon sakainar kashi ke jawowa.

Mutanenmu za su ci gaba da fita roƙon ruwa idan sama ta ɗauke, ni ma ina cikin sahu. Ƙissar Annabi Yusufu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta koya mana cewa wanda aka sanar da shi shekarun fari tanadi ake so ya yi. Bara na haɗa kuɗi na saya wa Baffa ɗan maraƙi a Maigatari. Ya zagaya shi, ya duba haƙoransa, ya ce sai nan da shekara biyu zai iya jan garma.