Bayan Naruto, Sai Me?

Kalmar shonen a Japananci tana nufin yaro matashi, kuma da ita ake kiran labaran zane da ake tsarawa domin samari. Mai sha'awarsu kan fara da Dragon Ball na Akira Toriyama, wanda ya soma fitowa a 1984, ko Naruto na Masashi Kishimoto. Idan ya kammala, sai ya bazama neman wani mai yawan faɗa. Sau da yawa a nan yake ɓata lokacinsa, domin labarin da ke zama a zuciya shi ne wanda ya nuna abin da ƙarfi ke jawo wa mai shi.

Da wannan ma'auni, Fullmetal Alchemist: Brotherhood na 2009, mai kashi 64, ya cancanci gaba. Edward da ƙaninsa Alphonse sun yi yunƙurin dawo da mahaifiyarsu da ta rasu. Babban ya rasa ƙafa da hannu, ƙaramin ya rasa jikinsa ɗungurungum. Sai Hunter x Hunter na 2011, kashi 148, inda fushi ya kusa halaka Gon, yaron da ya fito neman mahaifinsa. Daga Amurka kuwa akwai Avatar: The Last Airbender, kashi 61, wanda jaruminsa Aang ya kawo ƙarshen yaƙi ba tare da ya kashe abokin gabarsa ba.

Amma One Piece, da ya haura kashi 1000, ɗalibin da jarrabawa ke gabansa ya bari sai hutu.